Sa Hannun Jidda

Deptford, Landan
Lahadi, 6 ga Oktoba

Yaya Almu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Amamata da yara da duk mutanen Kakuri. Yaya kunnen? Mu nan ga yadda muke. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke damuna in ina hawa matakalar flat ɗinmu, don lif ya lalace sati biyu ke nan, council masu gidan kullum suna hanya. Affan lafiyarsa ƙalau, yana cin abincin mutum uku. Nanret, maƙwabciyata 'yar Pankshin da muke aikin kula da tsofaffi tare, jininta ya hau, an sa ta hutun sati ɗaya. Baba Lau, tsohon ɗan China da nake zuwa wa safe da yamma, tari ya kama shi, ya ƙi magani sai shayinsa.

Na san waya ba ta yi maka amfani tun da injinan masaƙa suka cinye maka kunne, shi ya sa na ɗauki biro. Zan ɗauki hoton takardar in tura wayar Amamata. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san sai da na wuce arba'in baban Affan ya koya mini, yana kan gadon asibiti, kuma bai gama gyara mini hannu ba Allah ya karɓi abinsa.

Ga abin da ya faru. Ranar Laraba wasiƙa ta zo wa Affan daga gwamnati, da tambari a samanta. An ce ya ci jarrabawarsu, likita ya duba shi ya ce lafiyayye ne, sun ba shi gurbi. Za su koya masa aikin injin jirgin ruwa, da albashi, da wurin kwana, da abinci. Wai cikin yara masu yawa aka zaɓe shi. Takardar ta cika, bari in juya.

Yaya, aikin soja ne. Sojan ruwa.

Ban sani ba sai da na je gidan Baba Lau. Turancin wasiƙar ya fi ƙarfina, na sa ta a jaka don in kai wa Nanret. Ina ciro magungunansa sai ta faɗo. Tsohon nan da sai na kama shi yake tashi daga kujera, yana ganin tambarin ya dafa tebur ya miƙe, ya ƙame ya sara. Na ce masa, Baba, lafiya? Ya ce wannan tambarin shekara ashirin da biyu yana manne a hularsa. Shi ɗan Hong Kong ne. Lokacin Turawa suna mulkin garinsu yana ɗan dako a tashar jiragen ruwa, aka zo aka ɗebe su aikin soja don su tsare bakin tashar. Na san yana da lambobin yabo a gwangwanin biskit, kullum Lahadi yana goge su, amma ban taɓa tambayar na mene ne ba.

Nanret ta karanta mini sauran. A ciki har da godiya gare ni saboda na amince tun watan Yuni. Ni, Yaya. Ashe na sa hannu. Tun rasuwar babansa duk takardar da ta shigo gidan nan Affan ne ke karantawa, ya yi mini ɗan ɗigo da fensir inda zan sa hannu, in sa. Ta council, ta makaranta, ta wuta. A cikinsu ya cusa wannan. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce da Turanci ya san in ya faɗa ba zan yarda ba.

Saura takarda ɗaya. Shekararsa sha bakwai, ba za su karɓe shi ba sai na sa hannu na ƙarshe a gaban shaida, kuma sun ba ni zuwa Juma'a takwas ga Nuwamba. Ba zan sa ba. Shi kaɗai gare ni tun da yayarsa ta koma tana jaririya. Kuma ban manta yadda aka kama Babanmu a tashar jirgin ƙasa ta Kano aka kai shi yaƙin Bama, ya dawo da tarin da ya kashe shi ba.

Kai ne babba yanzu. Ka rubuto masa ka hana shi, yana jin maganarka.

Ƙanwarka,
Jidda

*

Kakuri, Kaduna
Juma'a, 11 ga Oktoba

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, na kai wa Malam Abdul-Rahaman na shagon ɗinki shi ma ya karanta. Mu duk lafiya. Amamata ce ke fama da haƙori, ta ƙi zuwa a cire. Kunne kuwa yana nan yadda kika san shi, ya huta da jin tsegumi. Ki riƙa shafa wa gwiwar man zafi.

Alhamdu lillahi. Wannan labari ya wanke mini zuciya. Aikin inji sana'a ce da ba ta mutuwa, ni da na yi shekara talatin a gaban inji na sani. Kuma na gwamnati, a ƙasar da gwamnati ke biyan albashi ranar da ta ce. Nan unguwarmu masu digiri suna tuƙa Keke. Allah ya jiƙan mijinki Abdulhadi, da yana nan da ya yanka rago.

Na ga kin tsaya a kan za ki juya takarda, amma ba abin da ya biyo baya. Na ce wataƙila aiki ne ya taso miki. Ban jira ba, na sa Amamata ta tura wa Affan saƙo da bakina. Na ce masa na sa albarka, ya je, kada ya waiwaya, kuma duk wanda ya nemi ya karya masa gwiwa ya ce Kawu Almu ya amince. Na san ki da tsoro, Auta. Tun kina ƙarama ko kwalbati ba kya tsallakawa sai an riƙe miki hannu. Kada ki sa wa yaro naki tsoron.

In ya fara aiki ya aiko mini da hotonsa a gaban injin, ina so in ga irin nasu.

Yayanki,
Almu

*

Deptford
Asabar, 12 ga Oktoba

Shafi na ɗaya cikin biyu. Ka tabbata ka ga na biyun kafin ka ce komai.

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Amamata sauƙin haƙori. Ni ban yi barcin kirki ba, sauran duk suna nan yadda na faɗa maka.

Na duba wayata, hoton shafi na biyu bai tafi ba. Yana nan da ɗan da'ira yana juyawa har yau. Laifina ne, na tura na jefa wayar a jaka na ruga bas. Ga shi na sake turawa, ka karanta shi yanzu, sannan ka dawo nan.

Ka karanta? To ka ga abin da ka sa wa albarka.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da shi a kicin yana murmushi, ya miƙo mini waya. Ya ce, “Mum, Kawu ya ce in je.” Da Hausa ya faɗa, Yaya. Yaron da in na yi masa Hausa yake mayar mini da Turanci, ranar ya nemo Hausarsa. Na ce Kawunka bai san cewa aikin soja ne ba. Ya ce Kawu ya ce duk wanda ya nemi karya masa gwiwa. Na ce ni ce duk wanda? Ni da na haife ka?

Daga nan magana ta ɓaci. Na ce masa ɓarawon sa hannu. Na ce ya mai da ni jahilar da ake nuna wa inda za ta dangwala. Ya ce shi ba ya son ya ƙare a sito yana jera kwalaye kamar abokansa, ya gaji da ganina ina wanke tsofaffin mutane ina dawowa ina ɗingishi. Na ce ɗingishina ne ya ciyar da kai. Sai ya faɗi ta ƙarshe. Ya ce ranar sha huɗu ga Fabrairu zai cika sha takwas, daga ranar ba ya bukatar hannun kowa. In na sa, ya tafi a Nuwamba. In na ƙi, ya tafi a Fabrairu.

Shafi na biyu.

Ya ɗauki jakarsa ta makaranta ya fita. Yana Tottenham, gidan wani abokinsa. Uwar yaron ta kira ni ta ce kada in damu, yana cin abinci. Ban san wanne ya fi ciwo ba, tafiyar ko wata mace ta gaya mini ɗana yana cin abinci.

Na tambayi Nanret ko gaskiya ne maganar Fabrairu. Ta ce gaskiya ne, haka dokarsu take. Ta ce, “Maman Affan, a ƙasar nan yaro aro ne, ranar da ya cika sha takwas masu shi sun zo.” Tana dariya ta faɗa, amma ni ban yi ba.

Yaya, ka janye maganarka. Ka rubuta masa da hannunka, ba ta bakin Amamata ba, ka ce ba ka sani ba ne. Ka tuna masa da kakansa. Ni in na yi maganar Baba sai ya ce wannan zamanin da ne.

Ina jira.

Jidda

*

Deptford
Alhamis, 24 ga Oktoba

Yaya,

Kwana goma sha biyu ba amsa. Na kira wayar Amamata ta ƙi shiga. In fushi kake yi don na ce ka janye, ka yi haƙuri, ban iya zaɓen kalma a takarda ba. In kuma rashin lafiya ce a gaya mini. Nan Nanret ta koma aiki. An gyara lif ya sake lalacewa. Affan bai dawo ba, ya zo sau ɗaya ina wurin aiki ya ɗauki takalmansa na gudu, ya wanke kwanonin da na bari.

Na gano inda abin ya samo asali, kuma da ƙafata na kai shi. Bara, da gwiwar nan ta matsa mini, Affan ne ke raka ni gidan Baba Lau ranar Asabar yana ɗaukar mini cefanen tsohon daga kasuwar High Street. Ni ina kicin ina dafa masa shinkafa, su suna falo. Na ɗauka ƙwallo suke kallo. Ashe gwangwanin biskit ake buɗewa.

Ranar Litinin na kasa haƙuri. Ina gama yi masa aski na ajiye reza na ce, Baba, kai ka zuga ɗana. Turancina da nasa duk guragu ne, amma mun fahimci juna. Bai musa ba. Ya ce in zauna. Na ce ina da wata tsohuwa ƙarfe goma. Ya ce in zauna.

Ya ce shekararsa sha takwas yana sauke buhunan shinkafa daga jirgi, wata safiya wani hafsa Bature ya zo da tafinta, aka kafa tebur a bakin ruwa. Aka ce ana neman waɗanda suka san tashar, don sojojin da ake kawowa daga Ingila zafi na kayar da su, ba su jin yaren mutane, ba su san lungunan ruwan ba. A kan sikelin da ake auna buhu aka auna su. Shi bai kai nauyin ba, sai ya zaga baya ya shanye buta biyu ta ruwa ya dawo layi. Ya ce yana dangwala yatsa fitsari na neman kashe shi. Yana ba ni labarin yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce wannan ka gaya wa Affan. Ya ce e, da fararen kaya, da yadda ya koyi inji, da yadda 'yan mata ke kallonsu.

Na ce saura.

Ya ce aikinsu shi ne sintiri a bakin tashar cikin ƙaramin jirgi. Mutane na gudowa daga babban yankin China a kwale-kwale, wasu da iyo, da yara a baya. Hafsan ba ya jin yarensu, don haka shi Lau ake ba lasifika ya ce su tsaya. Su ji muryar ɗan'uwansu su tsaya, a kwashe su a mayar. Ya ce akwai wata tsohuwa da ta riƙe masa riga ta tambaye shi ɗan wane ƙauye ne, ya ƙi faɗa, don ƙauyensu ɗaya da mahaifiyarsa. Ya ce albashinsu bai taɓa kai na Turawan da suke jirgi ɗaya ba. Da Turawa suka tashi tafiya, aka ba wasu fasfo aka bar wasu, shi yana cikin waɗanda aka bari. Da 'yarsa ba ta zo nan aikin jinya ta ɗauko shi ba, da bai taɓa ganin ƙasar da ya yi wa gadi ba.

Na ce to me ya hana ka gaya wa yaron wannan? Ya ce yaron jirgi ya tambaye shi.

Na ce da za a mayar da kai bakin teburin nan, za ka sake shan ruwan? Na ɗauka zai ce a'a, Yaya, na riga na shirya in kai wa Affan amsar. Sai ya ce zai sha. Ya ce abokansa da suka zauna a dako duk bayansu ya karye kafin arba'in, ba wanda ya ga jikansa. Da aikin sojan 'yarsa ta yi makaranta. Ya ce sun cuce shi, kuma sun rufa masa asiri, in na ga yadda za a raba biyun in gaya masa, shi ya yi shekara talatin yana gwadawa.

Na fito na rasa bas ɗin ƙarfe goma, na tsaya a tasha ina jin haushin tsohon, ina jin haushinka, ina jin haushin baban Affan da ya tafi ya bar ni da biro. Na je neman wanda zai ce mini ina da gaskiya ban samu ba.

Abu ɗaya na roƙe shi, ya gaya wa Affan duka, har da lasifikar. Ya ce in kawo shi.

Saura sati biyu. Don Allah ka yi magana.

Jidda

*

Kakuri
Laraba, 30 ga Oktoba

Auta,

Ba fushi ba ne. Haƙorin Amamata ya kumbura har ido ya rufe, muka kwana huɗu a asibiti, a can aka sace wayar. Sai jiya aka dawo mana da layin a wata tsohuwar waya, takardunki suka shigo gaba ɗaya. An cire haƙorin, ta samu sauƙi, tana gaishe ki. Na karanta duka, kowane shafi, na ƙirga su.

Na yi kuskure, na yi gaggawa. Na rubuta wa Affan da hannuna yau da safe. Na ce masa albarkar da na sa ta rabin labari ce. Na ce wanda ya sa uwarsa ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba ya ci amanarta, ko da takardar shiga Aljanna ce, kuma kada ya sake rubuto mini sai ya je ya durƙusa a gabanki.

Amma ban ce masa kada ya tafi ba. Kuma ba zan tuna masa da Baba yadda kike so ba, domin abin da kika sani ba haka yake ba.

Ba kama Baba aka yi ba. Haka ake faɗa a gida, haka Inna ta gaya miki, ke kuma kina shekara tara ya rasu. Ni ya gaya mini da bakinsa, muna gyaran rufin ɗaki. Yana dako a tashar Kano ya ga ana rubuta sunaye, ya shiga layi da ƙafarsa. Sau biyu ana korarsa don ƙanƙanta, ya koma na uku. Da kakarmu ta ji, ta ce in ya tafi kada ya dawo mata gida. Ranar tafiya ya zo sallama ta sa sakata ta ƙi buɗewa. Ya tsaya a ƙofa har aka busa musu ƙahon tashi, ya tafi. Daga ɗakin wani abokinsa ya ɗauki kayansa. Yana Bama ta rasu. Da ya dawo shi ya fara cewa kama shi aka yi, don ya fi sauƙin faɗa.

Ban gaya miki wannan don ki sa hannu ba. Wallahi in da ni ne ban san abin da zan yi ba. Na ga abin da yaƙi ya yi wa ƙirjin Baba, ni nake zubar masa da kasko. Kuma ƙasar da yaron zai yi wa aiki ba ta tambayar uwar kowa kafin ta aika jirgi. Tsoronki a kan hanya yake, na janye maganar kwalbati.

Kin ce ni ne babba. A shekaru ne. Ke kika riƙe shi shekara shida ke kaɗai a garin da ba ki da kowa, sunanki suke nema a takardar ba nawa ba. Abin da kika yanke, ni ina bayanki, kuma zan faɗa wa duk dangi ni na ba ki shawara, don kada a dame ki.

Yayanki,
Almu

*

Deptford
Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yaya,

Alhamdu lillahi da Amamata ta samu sauƙi, ka ce ina yi mata sannu. Ni gwiwa da sauƙi. Baba Lau an kai shi asibiti ranar Juma'a saboda tarin, amma 'yarsa ta ce za a sallame shi. Affan ya dawo gida.

Maganar Baba na karanta ta a bas, na wuce tashata har biyu. Ban san ko na gode maka ba tukuna. Shekara arba'in ina jin haushin waɗanda suka kama shi.

Ranar Alhamis Affan ya shigo, ya durƙusa a bakin ƙofar kicin, da ƙaton jikinsa har ya tare hanya. Ya ce, “Mum, na yi laifi.” Na ce tashi ka sa takalmi. Na kai shi gidan Baba Lau, na zauna a tsakaninsu, ban shiga kicin ba. Tsohon ya cika alkawari, bai rage komai ba. Da ya zo kan matar da ta riƙe masa riga, Affan ya kasa kallonsa. A hanyar dawowa na jira har muka wuce kasuwa. Na ce to? Ya ce ya ji. Na ce ka fasa? Ya ce a'a. Ya ce shi inji zai koya. Na ce shi ma Baba Lau inji ya koya. Ya ce ya sani, kuma duk da haka yana so.

Yau bayan la'asar na share tebur na ce ya kawo takardar. Na ce ba fensir, ba ɗigo. Za ka karanta mini ita tun daga sama, layi layi, ka juya mini da Hausa, yatsana yana kan layin. Shafi shida ne. Mun yi awa uku. Hausarsa ta ba ni dariya ta ba ni tausayi. Inda ya kakare mu kira Nanret a waya, tana tuƙa tuwo tana fassara. Sau biyu na ce ya koma baya don Turancin ya fi Hausar tsawo, na san ya rage wani abu.

A ciki na ji abin da ba wanda ya gaya mini. Yaron da ya shiga bai cika sha takwas ba yana da damar ya ce ya fasa, a sallame shi. In ya shiga da girmansa, ƙofar ta fi ƙunci. Na sa ya maimaita mini wurin sau uku, na sa Nanret ta karanta da kanta da ta hawo. Ke nan in ya tafi yanzu da hannuna, yana da 'yan watanni da zai ga abin da idonsa, ya dawo in bai iya ba. In na ƙi, zai tafi a Fabrairu daga Tottenham.

A shafi na biyar ya tsallake wani akwati. Na gane don na ga sunana a ciki da rubutunsa, sunana kuwa ko a duhu na san shi. Na ce wannan fa? Ya ce ba komai, adireshi ne. Na bar yatsana a wurin. Ya daɗe yana neman Hausar, sannan ya ce, “Wanda za a gaya wa, Mum. In wani abu ya faru.”

Na tashi na sa ruwa a wuta, ba don ina son shayi ba. Da na dawo yana nan bai motsa ba. Na ce ci gaba, muka gama shafi na shida.

Zan sa hannu ranar Juma'a, Yaya. Na yi booking, an ba ni ƙarfe sha ɗaya, shugabar makarantarsu ce shaida. Ba don na yarda ba ne. Na gaya masa haka, na ce kada ya taɓa cewa uwarsa ta so. Amma wannan karon na san abin da ke sama da sunana, kuma daga ɗakinsa zai ɗauki jakarsa, ni zan raka shi tashar jirgi.

Ga abin da nake roƙo. Akwatin nan layi biyu ne. Na farko sunana, na biyu ba kowa. Affan ya ce ba dole ba ne a cike, ana iya barinsa haka. Na kalle shi ba komai a ƙasan sunana, na kasa. Na san ni za su fara nema, na san kai ko sun kira ba za ka ji ba. Duk da haka ina so a ce akwai wani a wurin.

Ka aiko mini da cikakken sunanka yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambar gidan, da sunan layinku, da lambar Amamata. Ka rubuta da manyan baƙaƙe don da hannuna zan kwafa. Ya iso ni kafin Alhamis, bakwai ga wata, in samu kwana ɗaya in gwada rubuta shi a wata takardar tukuna.

Ƙanwarka,
Jidda